Abin da Ya Riƙe Motar Gagare

Idan ka kai wa Badamasi mota gyaran birki, sai ka yi haƙuri da shi. Zai gama aiki, ya goge hannu, ka miƙa naka hannun karɓar makulli, sai ka ga ya buɗe ƙofar direba ya kwanta rigingine, kai a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje. Ya jima yana laluben abin da shi kaɗai ya sani. In ya fito, ya tambaye ka ko mahaifiyarka tana da rai. Baƙin direbobi dariya suke yi masa. 'Yan gari ba sa yi.

Na san shi tun shekarar da aka turo ni koyarwa Batsari, da wata tsohuwar mota da ta fi ni sanin hanyar gareji. Garejin nasa inuwar itacen bedi ce a bayan tasha, da akwatin ƙarfe guda da benci mai ƙafa uku da dutse. A kan bencin nan na cinye yammacina da yawa, har abokan aikina suna yi mini tsiya wai can ne ofishina na biyu. Badamasi gajere ne kakkaura, mai furfura a gemu tun bai isa ba. Ɗan manomi ne da aka kai Katsina koyon gyaran mota, ya dawo ya ce shi birki kaɗai zai riƙa taɓawa, don kowa gudu yake so, ba mai tuna tsayawa sai ya ga jaki a tsakiyar titi. In mota ta shigo, ba ya fara tambayar mai ita. Zagayawa yake yi yana ɗora bayan hannu a kan kowace taya, yadda uwa ke taɓa goshin ɗanta ta ji zazzaɓi. Maganar aljanu kuwa ba ta shiga kunnensa. Yakan ce aljanin mota datti ne da rashin giris, ni kuma don wannan na fi son sa, domin ra'ayinmu ya zo ɗaya.

Sai ga shekarun nan da ba na son tunawa. Mutanen daji suka hana noma, suka hana kiwo, suka mai da hanya abin tsoro. A shekarar da aka yanke layin waya a yankinmu, in mutum ya fita ba ka da labarinsa sai ka gan shi da ido. Direbobin Batsari zuwa Safana suka koma tafiya ayari: a taru a tasha sai rana ta ɗaga, a tashi tare, a dawo kafin la'asar ta yi sanyi. Doka ɗaya ce, ba wanda ya faɗe ta da ƙarfi, amma kowa ya san ta. Motar da ta lalace a hanya ba a tsaya mata. Ba mugunta ba ce, in ka tsaya wa ɗaya ka ba da sauran duka.

Kusan tsakiyar hanyar, kafin a kai Zakka, akwai wata kwalbati da tsamiyoyi suka yi wa rumfa. Tun kafin fitinar nan tsofaffi ba sa son wurin, ko makiyayi ba ya hutawa a inuwarsa. Gaba kaɗan akwai kwana inda burtalin shanu ya ratsa titi daga daji, kuma ta nan mutanen ke fitowa. Duk direban da ya hango tsamiyoyin nan, taka mota yake yi iya ƙarfinta, fasinja kuma kowa ya kama addu'ar da ya iya.

Gagare na cikin direbobin ayarin. Mutumin Yasore ne, dogo, mai surutu da dariyar da ake ji daga bakin kasuwa. In zai yi tuƙi sai ya tuɓe silifas ya ajiye gefen kujera, wai ƙafa ba ta jin maganar mota ta cikin takalmi. Yana da wata jar mota mai dogon baya da ya gada daga yayansa Lado, wanda shi ma direba ne, kuma a kwanar nan ta burtali aka harbe shi shekara guda kafin wannan labari. Shi kaɗai ya rage wa mahaifiyarsu, Inna Hansatu. Ta yi ta roƙon sa ya bar hanyar, shi kuma ya ce gona ta gagara, in ya ajiye mota me za su ci.

Wata ranar kasuwa ya kawo motar, takalman birkin gaba sun cinye har ƙarfe na cin ƙarfe. Badamasi ya sa sababbi, ya gwada, komai lafiya. Gagare ya tafi Yasore ya kwana wajen Inna, da safe ya dawo ya bi ayari.

Da la'asar ya shigo gareji, fuskarsa ba dariya.

"Yaya Bada, mi na yi maka za ka kashe ni?"

"Subhanallahi. Mi ya faru?"

"Tafiya take kamar iska tun daga tasha. Muna hango tsamiyoyi sai na ji ta yi nauyi, kamar wani ya kamo ta ta baya. Na taka, na sauke giya, na taka. A kan kwalbatin nan ta tsaya cak, ƙauri na tashi. Ina kallo ayari ya ɓace mani."

Ya ce sun zauna a motar ko tari babu. Wata mata ta toshe bakin jaririnta da nono don kada ya yi kuka. Can da ƙaurin ya lafa, motar ta saki da kanta, suka wuce. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne, da suka juyo daga Safana, a wurin nan dai ta sake kamawa.

Badamasi ya ɗaga motar a jak ya juya taya, ta yi ta juyawa ba abin da ya taɓa ta. Ya kwance kalifa, wato bakin ƙarfen da ke matse takalman, ya wanke sandunan da take zamewa a kai, ya shafa giris. Ya goge gefen sababbin takalman da zarto don kada su cije a mazauninsu. Ya rage man birki a kofinsa, ko ya cika da yawa. Ya ce wa Gagare ya tafi, in ta sake yi a canza masa suna.

Ta sake yi, kuma a ranar ne abin ya zama abin magana. Suna tsaye a kan kwalbati, hayaƙi na fita daga tayoyi, sai suka ji harbi daga kwana. An tare ayarin da ya bar su. Gagare ya ce yana jin ihun mutane, yana kuma jin ƙarfen tayarsa na ƙara kaɗan-kaɗan yana hucewa, shi kuma ba gaba ba baya. Da ta saki ya juyo da ita gida. Motoci biyu daga cikin waɗanda suka wuce shi, babu kowa a cikinsu aka same su.

Kafin magariba labari ya gama gari. Wasu suka ce Lado ne yake riƙe wa ƙanensa mota. Wasu suka ce mutanen tsamiya ne. Fasinja suka rabu biyu, masu rububin shiga jar mota da waɗanda ko inuwarta ba sa takawa. Ni raina ne ya ɓaci, na ce a bencin nan mutane sun ga ikon Allah sun mai da shi tatsuniya. Badamasi ya ce, "Malam, yau ta tsaya sun tsira. Gobe in ta burtalin baya suka fito fa? Motar da ke tsayawa a daji kabari ce."

Ya bi ta da duk abin da ya sani. Ya canza tiyon roba na tayoyin gaba, domin wani lokaci cikinsa kan ruɓe ya bar mai ya je ya hana shi komawa. Ya sa Gagare ya yi ta zagaya gari da ita har ta yi zafi, sannan ya ɗora bayan hannu: tayoyi huɗun duka suna ƙuna. Wannan ya nuna masa ba ciwon ƙafa ɗaya ba ne, daga sama abin yake. Ya sassauta noti a bakin masta, tukunyar da ke tura mai zuwa tayoyi, man ya yi tsartuwa, motar ta saki nan take. To, ya kwance mastar ya sa mata sababbin robobi. Washegari a kan kwalbati ta sake durƙusawa. Na ga Badamasi ya rame a 'yan kwanakin nan. Gagare abokinsa ne tun suna samari, Badamasin ne ya yi wa gawar Lado wanka, kuma kowa a tasha ya san hannun wa ya taɓa birkin nan na ƙarshe.

Daga nan ya ce shi ma zai bi ayari. Matarsa ta yi kuka, bai saurare ta ba. Ya zauna gaba kusa da direba.

Abin da ya faru, shi ya ba ni labari daga baya. Ya ce suna hango tsamiyoyi ya ji nauyin da jikinsa, kamar ana ja da igiya. Ta tsaya. Rana tsaka ce, amma inuwar wurin sanyi gare ta kamar bakin rijiya, ba kukan tsuntsu, ba motsin ganye. Ya ce wa Gagare ya fita ya tsaya gaban mota ya sa ido a kan daji. Shi kuma ya sa hannu ya ɗago matakin birki sama, ya ji bai kai ƙarshe ba, akwai abu mai taushi da ya tokare shi. Ya kwanta ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari. Can sama cikin duhu, inda ƙarfen matakin ke komawa ya jingina, yatsunsa suka taɓa gashi.

Laya ce, 'yar ƙarama, an ɗinke ta da fatar baƙar akuya ba a cire gashin ba, an ɗaure ta tam da tsumman saƙi mai ratsin ja. Ya san saƙin nan. Ya sha ganin sa a ɗaure a kan Inna Hansatu.

Ya ture ta gefe da yatsa, matakin ya ɗago, motar ta saki. Ya fito ya ce wa Gagare su tafi, bai ƙara ko kalma ba.

A wajen mai sana'a abin ba wuya. In ka ɗaga ƙafa, dole matakin ya koma har ƙarshe kafin mai ya sami ƙofar komawa kofinsa. In ya rage ko da kaurin ƙwayar dawa ne, ƙofar a rufe take. Man ya yi zafi ya kumbura, ya rasa wurin zuwa, sai ya matse takalma, su kuwa sababbi ne masu kauri, ba su da wurin ja da baya. Daga Batsari ko daga Safana, tafiyar da za ta sa man ya yi wannan zafi a kan kwalbatin nan take ƙarewa. Da ya yi mini bayanin na yi ajiyar zuciya, na ce ashe haka ne kawai. Shi bai yi ajiyar zuciyar ba.

Da yamma ya hau babur zuwa Yasore. Inna Hansatu 'yar gidan Maguzawa ce ta wajen Babban Duhu, ta musulunta tun tana budurwa, ba ta wasa da salla, amma 'yan'uwanta na can suna riƙe da abin da suka gada. Ya same ta tana ɓare gyaɗa a ƙofar ɗaki. Ya durƙusa, aka gaisa, aka tambayi gida da aiki da jama'a da zaman haƙuri. Sannan ya ce, "Inna, na ga saƙinki a mota."

Hannunta ya tsaya a kan gyaɗa. "Shi ya gani?"

"Bai gani ba."

"To, kar shi gani. Wanda ya ɗinka ya ce in idon mai ita ya sauka a kai, ko kunnenshi ya ji, ta mutu. In an gusa ta daga inda ƙafatai ke ba da umarni, nan ma ta mutu. Ran da ka sa mashi sabon takalmi ya kwana nan, ranar na ɗaura."

"Inna, ita ke tsayar da shi a daji. Bari in mai da ta can gefe, inda ba ta tokare komai ba."

Ta dube shi kamar yaron da bai gane karatu ba. "Ɗan nan, ni ban ce a tsare shi daga harsashi ba. Lado ma yana da ta harsashi a damtse anka kawo mani shi. Cewa na yi a riƙe mani ƙafatai, kar shi kai wurin ga. Ya kai?"

"Yana wucewa, Inna, in ta huce."

"Yana wucewa bayan an gama. Ran da anka kwashe mutane, ina yake?"

Badamasi ya ce mini da ta yi faɗa ko kuka da ya fi masa sauƙi, amma sai ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, har ta ɗebo masa a leda ya kai wa yara.

A nan ya shiga gaba kura baya sayaki. Mota ta Gagare ce, rai nasa ne, shi ya kamata a tambaya. Amma tambayar kanta kashe layar ce, don haka duk abin da za a yanke, Badamasi ne zai yanke shi kaɗai. Ya nemi shawarata ba tare da ya ambaci suna ba, na gane, na ce masa shi mai ƙarfe ne, ya yi abin da ƙarfe ya ce. Ya jujjuya sifana a hannu. Ya ce ba ran Gagare kaɗai ba ne a motar, akwai mata da yara, kuma ba zai iya sallamar motar da ya san za ta tsaya ba. Washegari ya aiki Gagare sayen man birki, kafin ya dawo ya kwance ƙullin a hankali bai yanka ba, ya jefa layar a aljihun rigarsa. Ya ce masa mastar ce, yanzu ta zauna.

Jar mota ta koma kamar sabuwa. Gagare ya dawo da dariyarsa, yana shiga tasha da ham, yana cewa Yaya Bada ya kori aljanin tsamiya da sifana. Damina ta ja baya, gero ya fara fitar da kai a 'yan gonakin bakin gari da aka samu aka noma. Har na fara yi wa masu tatsuniya tsiya.

Wata safiya ayari ya dawo da wuri, ba a cike ba. Jar mota ce a gaba ranar, domin ita ta fi gudu yanzu. 'Yan sa-kai suka same ta a kwanar burtali, ƙofofi huɗu a buɗe, ba jini, ba ramin harsashi. Silifas ɗin Gagare na gefen kujera a jere, inda yake ajiye su. Bayan watanni wasu daga fasinjojin suka dawo. Suka ce tun ranar farko aka ware direba aka yi gaba da shi, wai ana son mai iya tuƙi. Ba wanda ya ƙara ganin sa, ba kuma wanda ya ce ya ga gawarsa.

Badamasi ne ya bi 'yan sa-kai ɗauko motar, shi ya tuƙo ta. Da ya iso gareji ya zauna a ƙasa, ba a kan benci ba, zufa ta jiƙa masa riga.

"Malam, ta kama."

"Wace ce?"

"Motar. A kan kwalbati. Daga kwana zuwa kwalbatin ko ɗumi ba ta yi ba. Na ji nauyin nan, ta tsaya cak. Na taɓa aljihu, abin na ciki. Na sunkuya in duba matakin." Ya dubi ƙafarsa. "Ƙafata na gani a kai, na danne shi har ƙasa. Wallahi ban san sanda na ɗora ta ba. Sai da na sa hannu biyu na ɗauke ta."

Ina da bayanin da zan iya yi masa, irin wanda muke yi wa ɗalibai a kan tsoro da firgici. Ban yi ba.

Ya kai wa Inna Hansatu silifas ɗin da layar. Ta karɓi silifas. Layar kuwa ta ƙi taɓawa, ta ce wanda ya kwance shi ya san abin da zai yi da ita. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma taɓa ce wa kowa ga abin da ya faru ba. Har yanzu in ta shigo kasuwa takan biyo ta gareji su gaisa, ta tambayi yara, shi kuma ba ya iya ɗaga ido. Motar kuwa, Inna ta ce a bar ta wajensa sai mai ita ya dawo. Tana nan bayan bedi, tayoyi sun sace, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta.

Sana'arsa bai canza mata komai ba. Har gobe giris da zarto da bayan hannu ne, kuma ban taɓa jin ya sallami motar da ke riƙewa ba. Ƙarin kawai shi ne kwanciyar nan ƙarƙashin sitiyari da tambayar nan. Na taɓa ce masa in ya sake samun irin ta a wata motar, me zai yi. Ya ce bai sani ba, kullum yana roƙon Allah kada ya samu.

Kwanan baya na zo da wuri na tarar da shi a cikin jar motar, kai a ƙasa, ƙafafu a waje. Na ɗauka wani abu yake cirewa ya sa wa wata. Da na leƙa sai na ga tsumman saƙi mai ratsin ja. Ya mayar da layar inda ya same ta, yana ƙara matse ƙullin, kuma daga yadda ƙura ta goge a wurin na san ba yau ya fara ba.

Na ce, "Haba Badamasi, motar da ko iska babu a tayoyinta, ina za ta je da za a riƙe ta?"

Ya fito ya zauna a bakin ƙofar yana goge hannu.

"Ba motar ba ce, Malam. Cewa ta yi a riƙe mashi ƙafa. Duk inda suka kai shi, kar shi ƙara nisa."